Hajiyar Kujerar Baya

Sau uku Sumani yana ƙirga matan a bakin Tower Bridge, sau uku yana samun goma sha ɗaya. Cikon ta goma sha biyun tana can gefe, ta juya masa baya tana kallon kogin Thames kamar ta ba shi ajiya. Hajiya Maje aka rubuta a takardar sunaye. Tun da ayarin ya sauka daga Kano ba ta yarda sun haɗa ido ba.

A shekarar 1993 Sumani ba shi da halin wasa da aikin ja-gora. Madam Angelina, mai ƙaramin kamfanin yawon buɗe ido a Stratford, ta riga ta ja masa kunne cewa ƙorafi ɗaya in ya ƙara shigowa, ya ajiye mata bajo ya kama gabansa. Takardar zamansa a Ingila kuwa a jikin aikin nan take rataye.

Sauran matan ba su da damuwa. Dariya suke yi wa Hausarsa ta zangon Kumasi, suna tsokanarsa wai a Kano aka haife shi amma da dokunu, tuwon masarar can, aka yaye shi. Yakan biye musu, don abin da ya sani na Kano bai wuce sunanta a fasfonsa ba.

Hajiya Maje ba ta dariya. A bas, kujerar baya take zama. Da ya fara bayani a Westminster sai ta gyara mayafi ta koma kallon agogo. In tana son wani abu, ƙawarta Ramatu take aikawa, "Ce wa wancan ya rage sauri." Ga sunansa ɓaro-ɓaro a ƙirjinsa, amma ko sau ɗaya bai fito daga bakinta ba.

Babu dabarar da bai gwada ba. Ya sayo mata tsabar tattabaru a Trafalgar Square, ta miƙa wa Ramatu ba ta ko duba ba. Da ruwa ya ɓalle a gaban fadar Buckingham ya ba ta lemarsa, ta sa aka mayar masa, har da saƙon kada ya tsaya a jiƙe ya jawo wa mutane mura. Abinci ya daina shiga masa. Tsoro yake ji, tsoro na gaske.

Ranar ƙarshe da hantsi, a tashar Victoria, ya hango ta ja Madam Angelina gefe, Ramatu tana fassara. Sun daɗe. Madam ta ɗago ta dube shi har sau biyu, sannan ta zaro biro ta yi rubutu a takarda. Ya tabbata ƙararsa aka kai.

Ya tare Ramatu a ƙofar bas.

"Anti, don Allah Hajiyan nan mi na yi mishi? In ya yi complain za a kore ni. Kwana shida ko sunana bai kama ba."

Ramatu ta waiwaya kujerar baya. Hajiya ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta suna rawa, takardar Madam a damƙe a hannunta.

"Adireshinka ta roƙa, ɗan nan," in ji Ramatu a hankali. "Tun da aka raba ta da kai kana jariri take cigiyarka. Awarwaronta ta sayar ta biyo mu, don an ce mata kai ne kake zagayawa da baƙi a garin nan. Lallai Kumasi ta yi nisa da kai. A ina ka taɓa jin mace ta kama sunan ɗanta na fari?"