Tumatirin Hajiya Mariyamu

Tumatirin ya fara yaushi tun daga ƙasa. Zailani ya durƙusa a bakin fangalin yana ɗaga ganyen ɗaya bayan ɗaya. Ya ba shi ruwa, ya ba shi taki, amma kullum sai ƙara langaɓewa yake yi.

Idan Hajiya Mariyamu ta gani, kashinsa ya bushe.

Gidan Hajiya a unguwar Kwarbai yake, tsohon gini mai zaure biyu, lambun kuma can ƙurya kusa da rijiya. Ba ta yarda baƙon namiji ya wuce zaure. Wanda duk ya kuskura, ihu za ta yi ta yi har maƙwabta su taru. Mai lambu kaɗai take bari ya shigo, shi ya sa da tsohon mai lambun ya koma ƙauyensu, Zailani ya ajiye aikinsa na ofis a Kaduna ya karɓi fartanya.

Bai taɓa noma ba. Tafin hannunsa duk ya yi bororo ya fashe. Abin da ya sani a waya ya gani, sauran kuwa daga bakin Hajiya ya tsinta. Ita ta sa ya jera albasa a gefen karas, ya soka ɗoɗɗoya tsakanin tumatir don ƙamshinta ya kori ƙwari. Kullum da safe sai ta tambaye shi sunansa, ya faɗa, ta gyaɗa kai ta ci gaba da ba da umarni. Ko zagi ne ya fito daga bakinta, da murna yake karɓa.

Yana nan durƙushe sai ya ji ƙarar sandar Hajiya. Khairat, autar gidan, na riƙe da hannunta.

Hajiya ta daɗe tana kallon fangalin. "Kai, wa ya ce ka sa tumatir a nan? Bara attaruhu ne a wurin, bara waccan gauta. Duk dangi ɗaya ne, ciwonsu ɗaya, yana kwance cikin ƙasa yana jira. Wake ya kamata ya biyo baya, ƙasar ta huta. Ɗauki takalmanka ka fita mini daga gida."

Khairat ta buɗe baki za ta yi magana, Zailani ya girgiza mata kai. Ya zube gaban tsohuwar, gwiwoyinsa cikin laka.

"Hajiya, don girman Allah ki yi haƙuri. Yau ɗin nan zan tuge shi in ƙone, in sa wake. Ko sisi kada a ba ni. Ki dai bar ni in riƙa zuwa."

Ya san in ta rufe masa wannan ƙofa, babu wata. Abubuwa da yawa kan wuce Hajiya, amma laifin da aka yi wa lambunta ba ya wuce ta.

Ta dubi hannayensa da suka ɗaye. Can ta nisa.

"To, sai waken ya tsiro mu gani. Amma ka raba shi da albasa, ba sa shiri." Ta karkata kai tana duban fuskarsa. "Bawan Allah, kai ba ka da uwa ne da za ta koya maka waɗannan abubuwa? Ko ta rasu?"

Khairat ta juya baya tana share ido da mayafi.

Zailani ya ɗaga kai ya dubi matar da ta haife shi, wadda ciwon mantuwa ya goge shi daga ranta ya bar mata lambu kaɗai, ya ce, "Tana nan da ranta, Hajiya."