Tuwon Ranar Juma'a

Saude ta sauke zogale, ta zuba masa ƙuli-ƙuli, ta juya, sannan ta tsaya tana hararar kwanon kamar ya yi mata laifi. Ƙamshin sabuwar shinkafa yana tasowa daga gidan Mairo maƙwabciyarta. Tasu shinkafar kuwa tana jibge a zaure, wadda mijinta Malam Umara ya noma a fadamar kogin Hadejia, amma rabon tukunyarta da ita tun kafin damina.

Abin ya faro ne ranar da ma'aikatan lafiya suka zo unguwa gwajin jini. Saude ba ta so ba. Ciwon suga ne ya cinye ƙafar mahaifiyarta kafin ya ɗauke ta, kuma ta sha faɗa cewa duk ranar da aka ce tana da shi, to a fara haƙa mata kabari. Sai da Umara ya miƙa hannunsa sannan ta miƙa nata. Da aka ce a je ƙaramin asibitin unguwa a ji sakamako, ta ce ya je shi kaɗai.

Ya dawo ya zauna a tabarma.

"An ce suga ya shigo gidan nan," in ji shi.

Ta fashe da kuka, tana yi masa sannu. Ya dube ta, ya sunkuyar da kai.

Washegari ya kafa doka. Babu tuwo, babu shinkafa, babu fura, babu burabisko, babu shayi mai suga. Sai kifi, ƙwai, ganye, da ɗan wake. "Kuma abin da na ci shi za ki ci, Saude. In na ga tuwo a gabanki ba zan iya daurewa ba."

Ta yarda, don ta ga abin da cutar ke yi wa mutum. Ya kawo mata wasu ƙwayoyi ya ce na ƙarin ƙarfi ne, tunda sun rage abinci, kuma kullum da safe sai ya tsaya ta haɗiye a gabansa. Nasa maganin, ya ce a gona yake sha.

Watanni suka shuɗe. Zaninta ya fara yi mata yawa. Ƙishirwar da ta saba damun ta ta lafa, ta ce sanyin damina ne. Amma ranta ya gundura da ganye, har warin kifi ya fara tayar mata da zuciya.

Mairo ce ta gaya mata cewa yayanta na Jahun ma yana da suga, amma duk Juma'a yana cin tuwonsa, ga shi nan garau. Saude ta kai wa mijinta maganar cikin lallashi. Rana ɗaya kawai a mako, malmala ɗaya, ya huta ita ma ta huta.

"A'a," ya ce.

Ta ce to sau ɗaya a wata. Ya ce a'a. Ta je biki Kaugama ta dawo, tun ba ta cire mayafi ba ya tare ta da tambayar me ta ci a can. Ta rasa me ya haɗa cikinta da ciwonsa.

Ana tsakiyar girbi Mairo ta leƙo ta katanga. Ta ce ta kai wa 'yan ƙwadagonsu abinci fadama, ta ga Malam Umara a gindin bishiya da kwanon shinkafa da wake, ya sha manja, yana kai loma kamar wanda ake kora.

Saude ta ajiye ludayi. Ba ta iya cin komai ba har ya dawo.

"Malam, ashe ni kaɗai nake azumin nan? Kai mai ciwon kana can kana cika cikinka, ni mai lafiya ina nan ina kiwo kamar akuya."

Bai musa ba. Ya ce yankan shinkafa ba ya yiwuwa da zogale a ciki.

"To tunda kana ci a ɓoye, mu ci a fili. Gobe Juma'a zan tuƙa tuwo."

"Ba a gidan nan ba."

Ya ɗauki buta ya fice.

Da safe ta ƙi shan ƙwayoyinsa. Ya roƙe ta, ta juya masa baya. Yana fita ta yafa mayafi ta nufi asibitin da ta rantse ba za ta taka ba. Abu biyu ta ƙudurta. Za ta kai ƙararsa a ja masa kunne kafin a yanke masa ƙafa, kuma za ta ji daga bakin masu aikin ko tuwon rana ɗaya yana kisa.

Ta samu Malama Jannatu, ma'aikaciyar jinya, tana wanke hannu. Ta zayyana mata komai, tun daga zogale har zuwa shinkafar gindin bishiya.

"Wane ne mijin naki, Hajiya?"

"Malam Umara, mai noman shinkafa."

Malama Jannatu ta rufe famfo a hankali, ta juyo ta dube ta da kyau, sannan ta jawo mata kujera.

"Ai shi jininsa ƙalau yake. Ke ce Saude, ko? Tun kafin damina muke fama da shi ya kawo mana ke."