Taguwa Mai Fuska Biyu

Tunda ka ce gobe za ka sauya hula ka koma wajen waɗanda tukunyarsu ke tafasa, zauna in ba ka labarin wani maɗinki, in ya so ka yi abin da ka ga dama.

Mutumin Tudu ne, allura ce sana'arsa, hannunsa kuma na da kyau, sai dai Allah ya jarrabe shi da son nama. A ƙasarsu, in rani ya yi, mutanen Tudu da na Fadama sukan fita farauta daji ɗaya rana ɗaya, kowane ɓangare da ƙauyukansa, mutane ɗaruruwa. Da yake akan sa wa dajin wuta, kowa yakan naɗe fuska saboda hayaƙi, don haka ba a gane mutum sai da rigarsa. Na Tudu baƙar taguwa ce rinin shuni, na Fadama ja. Da la'asar kowane ɓangare ya tara abin da ya kashe a gindin bishiyarsa, a raba wa duk wanda ke sanye da rigar gida, ba a tambayar ɗan wane ne. Maɗinkin nan ya duba ya ga shekara biyu a jere Fadama na komawa da gwanki da barewa, su kuwa Tudu daga zomo sai gafiya. Ya zauna ya haɗa ƙyalle biyu ya ɗinka taguwa ɗaya, waje baƙi, ciki ja, ya ɓoye bakin ɗinkin yadda ko ɗan'uwansa maɗinki ba zai gane ba. Wayo kam ya yi shi, ba zan ci masa haƙƙi ba. Da safe ya fita cikin 'yan'uwansa, in ya hango inda nama ya fi taruwa sai ya laɓe bayan suri ya juya riga. A ransa yana cewa ai bai cuci kowa ba, mene ne cinya ɗaya cikin wannan tari? Wansa, wanda shi maharbi ne na gaske, ya taɓa ganin jan zare na leƙowa a wuyan taguwar, ya dube shi ya ce, "Ƙanena, abin da muke samowa ne bai ishe ka ba?" Maɗinki ya yi dariya ya ce baƙin zare ne ya ƙare masa. 

A shekara ta uku da ɗinka taguwar, rana ta take, ya ji ihun mutanen Fadama sun ka da gwanki. Ya juya riga ya ruga wajensu. Bai kai ba, wani gadu da wuta ta koro ya fito daga cikin ciyawa ya tsarge masa cinya da haure, ya wuce. Mutanen Fadama suka ga jar riga a ƙasa, suka bar gwankinsu suka zo da gudu, domin a al'adar maharba ba a barin na gida a daji, ko gawa ce sai an kai ta gari. Wani dattijo ya kama gefen taguwar ya keta don ya ɗaure raunin, sai ga baƙi a hannunsa. Aka kwance masa fuska, aka rasa wanda ya san shi. Ba su doke shi ba, ba su zage shi ba. Dattijon ya gama ɗaurin, ya wanke hannunsa, ya aika a gaya wa Tudu su zo su ɗauki nasu. Maɗinki yana kwance yana jin tafiyar mutanen garinsu na matsowa, ya so ƙasa ta tsage ya shige, ga rigar kuwa ba halin juyawa. Suka tsaya a kansa, kowa ya san shi, rabinsu ma shi ya ɗinka musu abin da ke jikinsu. Sarkin Dawa, shugaban maharban Tudu, ya daɗe yana kallon jan ƙyallen, sannan ya ce, "Da baƙi muka fito da safe. Ban ga namu a nan ba." Ya juya, jama'a suka bi shi.

Wansa kaɗai ya tsaya. Ya goya shi kamar jariri, yana tafiya yana hutawa, tafiyar da maza huɗu za su yi da makara kafin magariba. Kafin su isa ga mai magani ƙafar ta lalace, daga ranar kuma bai sake taka ta daidai ba. Ya warke ya koma kan allurarsa a zaure, amma mutanen Tudu suka gwammace su kai ɗinkinsu gari na gaba. Ba wanda ya kore shi, ba wanda ya yi masa gori, ana gaishe shi a masallaci kamar yadda ake gaishe da baƙo. Abin da ya fi ci masa rai shi ne ranar farauta. A garin, in an dawo, akan ware kason gajiyayyu a bi gida-gida, makaho ya samu, gwauruwa ta samu, gurgu ya samu. Shi ma yanzu gurgu ne. Yakan zauna a zaure yana jin sallamar masu rabo a gidan dama, can kuma ya ji ta a gidan hagu. Wansa yakan kawo masa daga nasa kason, ya karɓa ya yi godiya, amma naman ba ya yi masa daɗi. Ya tsufa yana cewa da za a mayar da shi baya, da gafiyar Tudu ta ishe shi har ya mutu, in dai za a tsaya a ƙofarsa a kira sunansa.

To, ka ji. Hular da ke kanka ba ƙyalle ba ce kawai, akwai waɗanda za su ɗauke ka in ka faɗi saboda ita. Hausawa suka ce, kowa ya bar gida, gida ya bar shi.