Allurar Safiya a Gidan Wumbei

Kullum da safe, kafin koko ya huce, Wumbei ne ke fara soka wa kansa allura. Ba shi ke da cikin ba, ba shi likita ya ce sukarinsa ya hau ba, amma a garin Tamale haka ake saka wa mutanen kirki.

Matarsa Sanatu ce, da ciki wata bakwai, ke kurma ihu da zarar ta ga tsinin.

"Haba amarya, ɗan wannan abin? Kalli maza!" Sai ya tsikari yatsa, ya ɗiga jini a bakin na'urar gwajin sukari, ya miƙa mata, sannan ya yi mata nata. Ita ke karanta lambobin, don shi da tabarau sun ɓata tun ranar da wata ta kira shi Baba.

"Ya hau, maigida," in ji ta a sanyaye.

Unguwarzoma ta riga ta gargaɗe su: in sukarinta bai sauka ba jariri zai yi girman da sai an yi aiki. Wumbei ya ɗaura ɗamara. Ya kori sukari daga gidan, ya rage malmalar tuwo, ya cika tukunya da ganyen ayoyo. Ya rantse abin da ba ta ci ba shi ma ba zai ci ba, ko da yake a shagonsa na ɗinki, inda ƙishirwa ke addabarsa, lemon kwalba kan faɗa masa a baki bisa kuskure. Bayan la'asar ya tasa ta gaba su zaga unguwa, yana haki, tana ba shi haƙuri.

"Har yanzu da saura," take cewa kullum. Dole lemon ma ya bari.

Ranar awo ya sha babbar riga, ya tafi karɓar yabo. Unguwarzoma ta daɗe tana latsa na'urar.

"Na Sanatu ya daidaita tun makon farko. Wannan gwajin da ake fara yi kowace safiya, shi ne mai tayar da hankali. Ya fara sauka dai. Na wane ne?"

Sanatu ta ɗauki allurar, ta soka wa kanta ko ƙiftawa babu.

"Na wanda na yi shekara ina roƙo ya zo asibiti ya ƙi. Zauna, maigida, layinka ne."