Yammacin da Wata Ya Rufe Zara

Kawuna tsohon malamin kimiyya ne a Malumfashi, yana da madubin hangen taurari da ko ƙuda ba ya bari ya sauka a kai. Wata ranar kaka bayan la'asar ya kafa shi a masussuka, ya sa ni na saita, ya ce yau wata zai rufe tauraruwa Zara.

"Ga rana a sama, Kawu?"

"Taurari ba sa tashi daga aiki don kin daina ganinsu. Leƙa."

Na leƙa. Ga siririn wata, ga Zara can gefe. Sai ta dushe kamar fitilar da mai ya ƙare, alhali babu komai kusa da ita sai shuɗin sama. Da ta ɓace ɗungum, na ja baya na ba Kawu wuri.

Ya kafa ido a madubin, ya daɗe yana murmushi.

"Ga ta nan ras, sai ƙyalli take. Saura kaɗan."

Duk gidanmu ni na fara sanin idon Kawu ya tafi. Daga baya littafi ya gamsar da ni cewa duhun gefen wata ne ya rufe Zara. Murmushin nan kuwa, har yau ban samu shafinsa ba.