Ban Da Mai Rai

Falalu ya kusa awa guda yana jiran wata balbela ta tashi daga fadamar Bakura. Hantsi ya zo daidai inda yake so, shinkafa ta yi kore shar, amma 'yar banzar tsuntsuwar nan ta kafe a kan ƙafa ɗaya kamar gonar ubanta ce. Ko da ta ga dama ta tashi, hasken ya wuce. Ya naɗe kayansa ya hau babur.

Ba ƙiyayya ce tsakaninsa da balbela ba, sharaɗi ne. Mahaifinsa, Malam Yakubu, mai karantar da manya a zaurensa na Talata Mafara, mutum ne da ko katin zaɓe bai yarda an yi masa ba saboda hoton da ke jiki. Ranar da Falalu ya shigo gida da kyamara, Malam ya yanke hukunci a gaban ɗalibai cike da zaure. Dutse, ruwa, itace da sararin sama, an yarda. Mai rai kuwa, ko ƙuda ne ya fito a hoto, ranar kyamara za ta kwana a ƙarƙashin ruwan dam ɗin Bakolori. Kuma duk garin an san Malam ba ya maida magana.

Falalu yana son kyamarar nan kamar ransa, don haka ya bi sharaɗi. Amma yau dam, gobe giginya, jibi dam, har abin ya gundure shi. Ya rataye ta a ƙusa, ta yi wata uku tana shan ƙura.

Wata safiya Malam ya tare shi a soro.

"Abin nan naka lalacewa ya yi?"

"A'a, Malam."

"To gobe ka goya ni, in ga abin da kaka ɗauka."

Falalu ya ce a ransa, shi ke nan, bincike ya zo.

Washegari Malam ya fito da babbar riga mai aiki, ya naɗa rawani, sai ƙamshin turare yake. Falalu bai yi mamaki ba, malami ai ba ya fita a wulaƙance. Suka isa bakin dam. Ya kafa kyamara, ya daidaita ruwa da tudun da ke hayi, ya sa ido. Sai ga Malam tsaye cak a tsakiya, riƙe da sanda.

Falalu ya ɗaga kai ya jira.

"Ɗauki abinka mana," in ji Malam. "Ni iska nika sha."

Tirƙashi! Falalu ya gane tarkon nan take. Wato a gwada shi a gani ko zai latsa. Ai kuwa ba a haifi mai kama shi da wannan ba. Ya ɗauki kyamara ya matsa hagu. Malam ya tako a hankali, shi ma ya matsa hagu. Falalu ya kwanta rub da ciki a cikin laka, ya ɗauki ruwan ta tsakanin ciyayi, ko gefen rigar Malam bai shiga ba.

Hoton ya yi kyau, wallahi ya yi. Da ya sa shi a waya, har daga Gusau aka riƙa tambayar ta ina ya ɗauka.

Daga nan abin ya zama al'ada. Duk Alhamis, ranar da ba karatu, in dai hanya lafiya, sai ka gan su a kan babur, Malam a baya riga tana kaɗawa. Birnin Tudu, Garbadu, har duwatsun wajen Maradun. Ko'ina Falalu ya auna, nan iskar Malam take. Shi kuwa ya hau tsamiya, ya shiga rami, ya tsaya cikin ruwa har gwiwa. Kauce wa tsohon nan ya koya masa abin da ba wanda ya taɓa koya masa, kasalar da ta kama shi kuwa ta tafi ko sallama babu. Kowace yamma yakan miƙa kyamara, Malam ya bi hotunan ɗaya bayan ɗaya, ya daɗe yana dubawa, sannan ya miƙo ya ce, "Hmm."

Falalu ya ɗauki wannan "hmm" a matsayin cin jarrabawa. Shekara biyu cur, bai faɗi ko sau ɗaya ba, kuma yana alfahari da haka.

Da damina ta uku Malam ya kwanta, bayan kwana tara ya rasu. Falalu ya yi kuka sosai. Abin da ya ɗan sanyaya masa rai shi ne sun rabu bai taɓa saɓa masa ba.

Bayan sadakar bakwai, mahaifiyarsa Taibatu ta kira shi ɗakin da take takaba. Ta sa ya sakaya ƙofa, ta rage murya.

"Ɗauko mini guda. Ba zan nuna ma kowa ba."

"Guda mi, Inna?"

"Hoton babanku mana."

Falalu ya ɗago ya dube ta.

"Ni na roƙe shi," ta ce, tana share ido da bakin mayafi. "Na ce kada ya tafi ya bar ni ba abin dubawa. Ya ce shi ba ya iya warware maganar da ya yi a gaban mutane, amma zai riƙa tsaya maka duk Alhamis, kai yaro ne mai hankali, za ka gane ba sai an faɗa ba."