Ƙarfin Hannun Cif Oyewole

Cif Oyewole ya ƙirga makin katinsa, ya gyara zaman hularsa. Shekara talatin suna buga kartar birij a Ibadan shi da matarsa Morenike a ɓangare ɗaya, kullum wa'azinsa ɗaya: sai mai maki ashirin da biyu ke yin kiran da ke tilasta wa abokin wasa amsawa. Yau ya samu daidai. Ya yi kiran yana hura hanci.

Morenike ta shiga ƙirga katinta.

"Maman Kunle, dole ki amsa. Sau nawa zan koya miki?"

"Ƙirga katinka tukuna, Cif."

Maimakon kati sha uku da ake raba wa kowa, sha huɗu ya riƙe. Nata sha biyu.

"Da ma da nawa kake cika ƙarfi," in ji ta. "Har gidan da kake kwana."